Giyar Buki: Abin da Littafin Greenberg Ya Tsallake

Littafin da Joseph Greenberg ya buga a 1946, The Influence of Islam on a Sudanese Religion, ya samo tushe ne daga zaman da ya yi cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939. Duk mai neman sanin iskoki, su Kure da Gajimari da Doguwa, da irin dabbar da akan yanka wa kowannensu, zai same shi a ciki. Ba mu ja da wannan ba. Inda muke da magana shi ne, mai karatu yakan iske tsafin ne a ranar yanka, wuƙa a hannun maigida, sai ka ce a ranar aka fara kome.

Bukin kaka kuwa ba ya yiwuwa sai da giya, giya kuma ba ta yiwuwa a yini guda. Mata kan jiƙa dawa ta kwana, su baza ta a rufe, suna yayyafa ruwa har ta yi tsiro, watau kwana 3 ko 4. Sa'an nan a shanya, a niƙa, a dafa, a bari ta yi tsami, a sāke dafawa, a tace, kana a bar ta ta tashi. Dukan aikin yakan ci mako guda ko fiye. In ta nuna kuwa ba ta jiran kowa, gama kwana kaɗan za ta ƙara sai ta lalace. Daddawar miyar bukin ita ma sai an yi kwanaki ana aikinta, amma takan yi watanni a ajiye. Giya ba haka take ba.

Ashe ran da aka jiƙa dawa, ran nan aka ɗaure ranar buki, ba mai ɗage ta sai da hasara. Rabin lissafin kwanakin yana hannun mata ke nan, ba a hannun mai wuƙa kaɗai ba. Mai binciken da ya zauna wurin maza, da kyar zai ga haka.

Abin ya fi damunmu domin Greenberg masanin harshe ne, shi ne ma ya sa Hausa cikin dangin harsunan Cadi. Da ya tattara kalmomin da matan ke kiran kowane mataki da su, da yau muna da abin gwadawa da ƙamus na Bargery na 1934. Maguzawa da yawa sun musulunta ko sun shiga Kiristanci tun daga lokacin, tukwanen giya kuma sun ragu. Malaman da ɗalibansu suka fito daga ƙauyukan nan, su tura su wurin tsofaffin mata da takarda.