Kwalba da Allo: Karatun Bakin Hanyar Matameye

A Takeita hanyar ke rabuwa. Babbar kwaltar da ta taso daga Yamai ta miƙe gabas zuwa Damagaram, ƙaramar kuma ta karkata kudu, ta ratsa Kance, ta shiga Matameye, ta gangara Ɗan Barto, inda Nijar ke ƙarewa, Kwangwalam da Daura su karɓa. Tafiyar ba ta da nisa. Amma duk wanda ya samu kujerar taga, barci kuma bai ɗauke shi ba, zai ga alamomin zamani dabam-dabam tsaye wuri ɗaya: dutsen kilomita irin na Faransa, allon wani shirin agaji da tsatsa ta cinye rabin sunansa, bangon shago da fentin kamfanin waya wanda ya daɗe da sauya suna, tayar mota da mai faci ya jingina a bakin hanya, sai kuma teburin kwalaben fetur yana ƙyalli a rana. Babu wanda ya shirya su haka. Kafa allo aikin wani ne, da kuɗinsa da ranar bikinsa. Cire shi kuwa ba aikin kowa ba ne. Shi ya sa bakin hanya ya fi ofisoshi da yawa riƙe tarihi.

A Amurka akwai masu yawon neman irin waɗannan abubuwa don sha'awa. Tsohuwar hanyarsu mai lamba 66, wadda aka buɗe a 1926 aka soke ta daga jerin manyan hanyoyi a 1985, ta zama wurin ziyara. Ana gyara matattun gidajen mai a mayar da su gidan kallo, ana sayen tsofaffin alluna da tsada a rataye a falo. A ƙasar Damagaram allon da ya faɗi ba ya zuwa falo. Ƙarfe ne, ƙarfe kuwa yana da aiki: ya zama ƙyauren shago, ko murfin rijiya, ko maƙeri ya yanka shi ya fitar da murhu. Ni ban ga laifi a nan ba. Abin da nake ganin ya cancanci nazari shi ne waɗanda suka rage a tsaye: wa ya kafa su, da wa suke magana, kuma me ya sa alamar da ta fi kowace aiki a wannan hanya ita ce wadda ba ta da harafi ko ɗaya.

Gyaɗa ce ta kawo mota Matameye, mota kuma ta kawo fetur. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar kudancin Damagaram ta samu ƙofar fita zuwa teku, Matameye da Magarya suka zama manyan wuraren awo. Bayan samun ƴanci gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don ta riƙe cinikin, kuma Matameye na cikin garuruwa uku da ke da masana'antar matse man gyaɗa, tare da Maraɗi da Magarya. Famfon fetur na wancan zamani, a garuruwan da lantarki bai kai ba, da hannu ake tuƙa shi. A samansa akwai tulunan gilashi biyu, kowane na cin lita 5. Yaron gidan mai ya yi ta kaɗa mariƙi har tulu ɗaya ya cika, ya sake shi ya zuba cikin tanki, ɗayan kuma yana cika. Direba na tsaye yana ƙirga tuluna da idonsa, babu wata lamba mai juyawa da zai yarda da ita a makance. A riƙe wannan, domin zai dawo: mai saye a nan ya fara sanin fetur ne a cikin gilashi. Farin shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan ciniki, manyan motocin suka ragu, amma hanyar ta riga ta kafu.

Sunayen da ke saman gidajen mai kuwa sun yi ta canja riga. A Nijar an kafa SONIDEP a 1977 ta zama mai shigo da mai da ajiye shi, kamfanoni irin su Total da Mobil suna sayarwa a famfo. Daga baya OiLibya ta bayyana, ita ma ta koma OLA Energy a 2018, ga kuma na ƴan ƙasa irin su Oriba. A tsallaken iyaka abin ya fi haka yawa: BP ta zama AP bayan gwamnatin Najeriya ta ƙwace ta a 1979, AP ta zama Forte Oil, ita kuma ta zama Ardova, Esso ta zama Unipetrol, Unipetrol ta haɗiye Agip ta fito da sunan Oando. Mutane ba sa bin wannan sauye-sauye. Wurin da aka saba kira da wani suna, da shi za a ci gaba da kwatance ko da allon ya sauka shekara talatin. Kasuwar Singa da Bata a Kano, da PZ a Zariya, duk sunayen kamfanoni ne da suka manne wa wuri. Ɗan kabu-kabu ba ya karanta allo. Kwatancen da ya gada yake bi.

Mataccen gidan mai a ƙasar iyaka yana da kamanni da ba a ɓata su. Rumfar kwano ce mai tsayi a kan ƙafafun ƙarfe, a ƙarƙashinta dandamalin siminti inda famfo ya taɓa tsayawa, kusoshi huɗu sun leƙo, murfin tankin ƙasa ya cika da rairayi. Inuwar ba ta zama a banza: mai shayi ko mai gyaran babur ya riga ya shimfiɗa kayansa. Wanda bai san ƙasar ba zai ce tsufa ne ya kashe shi, ko rashin masu saye. Ba haka ba ne. Sau da yawa ana sayar da fetur a gabansa daga safe har dare. Farashi ne ya kashe shi. Gwamnatin Najeriya ta shafe shekaru da dama tana biyan tallafi don fetur ya yi araha, iyaka kuma tafiyar babur ce daga Matameye. Wanda ya zuba jari ya haƙa tanki, ya biya haraji, ya sayar a kan farashin hukuma, ba shi da yadda zai yi da yaron da ya ɗauro jarkoki ta hanyar daji ya iso kafin asuba. Abin mamaki, a ɗaya ɓangaren akasin haka aka samu: garuruwan iyaka na Katsina da Jigawa sun cika da gidajen mai fiye da abin da motocinsu za su sha, kowa kuma ya san inda man ke zuwa. Har sai da gwamnatin Buhari, bayan ta rufe iyaka a watan Agustan 2019, ta hana kai mai duk gidan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Cikar gidan mai a can da mutuwarsa a nan, hanya ɗaya ce ta haife su.

A nan kwalba ta shigo. Ɗan ruwa-ruwa, wato mai sayar da fetur a kwalba, ba ya buƙatar mai zane. Teburinsa katako ne mai hawa biyu ko uku, a kai kwalaben lita ɗaya a jere, galibi tsofaffin kwalaben barasa ne da aka wanke, abin da ba wanda ke tsayawa ya yi masa tambaya. A gefe mazurari da aka ɗaura wa ƙyalle a baki don tace datti, a ƙasa jarka an lulluɓe ta da buhu saboda rana. Hajar ita ce tallar. Daga nesa mai babur ya hango launin man, ya san akwai; in ya ga kwalabe wayam, ya wuce. Ya tsaya ya ce, "Ɗan samari, zuba mini ɗaya," ya ɗaga kwalbar ya duba ta a hasken rana, ya shinshina, ya ga ko an cika ta har wuya. Wanda ba shi da kuɗin lita ya sayi rabi, wanda aka sani ya karɓa bashi. Famfon zamani ba ya yin ko ɗaya cikin waɗannan. Ga shi kuma abin da tulun gilashi ya koyar tun zamanin gyaɗa bai ɓace ba: ido ya ga abin da aka biya.

Ban kawo wannan don in yabi sana'ar ba. Gobarar da ke tashi daga ɗakin da aka ɓoye jarkoki cikin unguwa ba ta tambayar wa ke da hannu a cinikin, ga algus, ga yaran da ke shaƙar tururin mai wuni guda. Fim ɗin Aïcha Macky mai suna Zinder, na 2021, ya nuna yadda samarin unguwar Kara-Kara ke sayar da ransu a wannan hanya. Sai dai duk wanda ya ɗauki teburin kwalba a matsayin ɓarna kawai, bai lura da girman nauyin da yake ɗauke da shi ba. Nijar ta buɗe matatar SORAZ a arewacin Damagaram a watan Nuwamban 2011, mai iya tace ganga 20,000 a rana, amma kwalba ba ta gushe ba ko a jihar da matatar take. Abin da jandarma da ma'aikatan duwan suka kasa, magana ɗaya ta yi shi: ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu na Najeriya ya ce tallafi ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500. A watan Yulin 2024 kuma hukumomin Yamai suka sauke lita daga sefa 540 zuwa 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya. Jama'a suka juya ga famfo. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare: a watan Maris na 2025 dogayen layuka suka bayyana a gidajen mai a faɗin ƙasar, aka gane cewa teburin nan da ake raina shi ne ya daɗe yana cike giɓin da matata ba ta iya cikewa.

Allunan shirye-shiryen agaji labarinsu dabam ne, kuma su ne suka fi ba ni haushi. Tun shirin raya karkara na shekarun 1970 da aka yi wa laƙabi da 3M, wato Mirya da Magarya da Matameye, wannan yanki bai rabu da baƙi masu farar mota ba, balle bayan yunwar 2005. Kowane shiri ya zo sai ya kafa allonsa a mashigar gari, har su yi cincirindo. A duba tsarinsu: tambarin mai ba da kuɗi a sama, dogon suna da Faransanci, shekarar farawa da ta gamawa, wani lokaci har da adadin kuɗin. Matar da aka haƙa wa rijiyar ba don ita aka rubuta ba. An rubuta ne don a ɗauki hoto a aika wa wanda ya biya. Ko shirin da ya yi ƙoƙarin ɗaukar sunan Hausa, kamar Tanadin Abincin Iyali da ƙungiyar CRS ta gudanar a Kance da Mayahi, a taƙaice ake rubuta shi, PASAM-TAI, sai Hausar ta ɓuya cikin haruffa uku. Amfanin waɗannan alluna ɗaya ne, kuma ba shi aka nufa ba: shekarar gamawa na nan a rubuce, kowa na iya waiwayawa ya ga ko famfon da ke bayan allon yana ba da ruwa. Gawon da manoman 3M suka bari ya tsiro a gonakinsu, wanda masana suka zo daga nesa suna mamakinsa, ba shi da allo ko ɗaya.

Kamfanonin waya sun fi wayo, domin bango suka nema. Su fente maka shago kyauta, kai ka samu fenti, su su samu talla. Celtel ta zama Zain a 2008, Zain ta zama Airtel a 2010, Orange ta tafi Zamani ta gaje ta. A tsohon bango, inda damina ta ɓare fenti, ana iya ganin wani launi a ƙarƙashin wani. Haka ma tambarin jam'iyyu, koren CDS Rahama da ya taɓa mamaye ƙasar Damagaram, da ruwan hodar PNDS Tarayya: an rushe jam'iyyun a 2025, fentin bai ji sanarwar ba.

Mai zanen allo na hannu ya san abin da masu shirin agaji ba su sani ba, wato yawancin masu wucewa hoto suke karantawa. Don haka ya zana wa mai aski kawuna, ya zana wa mai tuwo kwano da tururi, ya zana wa mai magani mutum riƙe da ƙugu. Rubutun Faransancin da ke ƙasa, ko da kuskure a ciki, ado ne da nuna cewa shagon na zamani ne. Yanzu injin buga leda ya karɓe masa kasuwa: a kwamfuta za a haɗa hoton da aka kwaso daga intanet, a buga cikin awa ɗaya, da araha. Shagon aski a Matameye ya koma ɗauke da fuskar mawaƙin da ke kan shagon aski a Legas. Ledar kuma ba ta jure rana da iskar hunturu. Kafin a ankara ta koɗe ta yage, babu abin da maƙeri zai samu, babu kuma abin da mai wucewa zai karanta bayan shekara ashirin.

A 2025 sabuwar dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. A Yamai tun watan Oktoban 2024 aka sauke sunan Charles de Gaulle daga babban titi aka ɗora na Djibo Bakary. Sauya allon titi ɗaya a babban birni abu ne mai sauƙi. Na bakin hanyar karkara dubbai ne, kowane da mai shi, wasu masu su sun bar ƙasar tuntuni. A tashar Matameye allo na cewa Zinder, ɗan kamasho na ƙwala "Damagaram, saura mutum ɗaya!", fasinja kuma muryar yake bi ya shiga mota.