Yadda Ake Sake Gina Mama Bayan Tiyatar Sankara

Tun kafin a shiga ɗakin tiyata aikin yake farawa. Likita zai sa mace ta miƙe tsaye, ya auna faɗin ƙirjinta, ya ja layi da alƙalami a lanƙwasar da ke ƙarƙashin mama, domin da zarar ta kwanta wurin ya gusa.

Idan aka cire maman da sankara ta kama, fatar da ta rage siririya ce, jini bai ishe ta ba. Mai ganda zai so ya cusa cikakken dashen mama nan take ya huta, fata kuwa ta yi baƙi ta mutu. Gwani sai ya duba lafiyar fatar tukuna. In ba za ta ɗauka ba, ya saka jakar buɗa fata, wadda ake sa ta kusan babu komai a ciki, ƙarƙashin tsokar ƙirji ko a samanta.

Jakar tana da 'yar ƙofa mai ƙarfe da ke ɓoye cikin jiki. Yaya za a gano ta? Da maganaɗisu! A riƙa yawo da shi kan fata, inda ya tsaya cak a ɗiga alama, a soka allura, a tura ruwan gishiri, sau da yawa mililita 50 zuwa 100. Yatsan likita na kan fatar yana danna ta: in ta yi fari ko matar ta ce ta ji ɗauri, ya dakata. Bayan mako ɗaya ko biyu a ƙara, fata na miƙewa sannu a hankali kamar cikin mai juna biyu.

Bayan 'yan watanni a cire jakar a sa dashen dindindin. Na ruwan gishiri in ya fashe yakan sace a gani, jiki ya shanye ruwan. Na silikon, wanda Thomas Cronin da Frank Gerow suka fara dasawa a Houston ta Amurka a 1962, ya fi laushi, amma fashewarsa shiru ce, sai hoton asibiti ke tona ta.

Wadda za a yi wa gashin sankara ta faɗa tun da wuri, don gashi na sa tabon da ke kewaye da dashe ya ƙanƙance ya taurare. Irin wannan akan ba ta shawarar gini da fata da kitsen cikinta. Kuma ta sani, dashe ba na har abada ba ne, wata rana yana iya buƙatar canji.