Tsohon Masoyi da Jitar Mdou Moctar

A shekarar 2008 wani saurayi Ba'abzine mai suna Mahamadou Souleymane, ɗan yankin Abalak da Cintabaraden a jihar Tawa ta Nijar, ya sauko Sakkwato ya shiga situdiyo. Lokacin waƙoƙin fina-finan Hausa ne ke tashe, da gangar kwamfuta da muryar nan da na'ura ke lanƙwasawa har ta koma kamar sarewa. Da wannan salon aka ɗauki waƙoƙinsa na harshen Tamashek, aka kira tarin Anar. Babu kamfanin da ya fitar da shi a wancan lokaci. Daga waya zuwa waya ya riƙa tafiya, ta Bluetooth da katin memori, har ya tsallaka zuwa Mali. Wannan saurayin shi ne Mdou Moctar, wanda a yau kamfanin Matador na Amurka ke fitar da faya-fayensa, kamfanin da ya yi suna da ƙungiyoyin kiɗan rok irin su Pavement da Yo La Tengo, masu kauce wa abin da kasuwa ke yayi.

Ba tarihin mutumin ne ya dame ni a nan ba. Wanda nake son dubawa shi ne mai sauraron da ya riƙe shi tun daga wancan ƙarshen har zuwa wannan, musamman a gabashin Sakkwato, ƙasar Gandi da Rabah da Wurno da Goronyo, inda Ƙonni ta fi Kano kusa, kuma Abzinawa ba baƙin ido ba ne a kasuwa.

A Turai da Amurka tsohon masoyin ƙungiyar rok yana da shaidu: faifan farko, riga mai sunan ƙungiyar, guntun tikitin wasan da ya halarta tun ba a san su ba. Mu nan ba mu gaji wannan ba. Kunnen mutanen gabas su Narambaɗa na Isa da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Anace suka rene shi, kuma a tsarinsu kowa da matsayinsa. Akwai makaɗi, akwai 'yan amshi, akwai ubangida da ake wasawa, akwai mai liƙi da ake ambatar sunansa a tsakiyar waƙa. Can gefe kuma akwai wani da ba a taɓa kiran sunansa ba, ba shi da doki ko riga da zai bayar, amma shi ne ya haddace komai. Zauna da dattijon da ke son waƙar Shago ta Ɗan Anace ka gani. Ba zai tambaye ka ko ka san waƙar ba, sai dai ya tambaye ka wace ɗauka ka ji. Makaɗin baka ba ya maimaita waƙa iri ɗaya sau biyu, yau ya ƙara ɗiya, gobe ya zubar da wasu, saboda haka darajar masoyi tana ga iya rarrabe wannan ɗaukar da waccan, da sanin inda aka yi ƙari da dalilin yin sa. Wannan shi ne ma'aunin soyayyar waƙa a ƙasar nan, kuma da shi masoyin jita ya zo, ko ya sani ko bai sani ba.

Hanyar da kiɗan ya shigo ita ce ta bambanta. Duk wanda ya ci kasuwar ƙauye a shekarun nan ya san rumfar mai caji da tura waƙa: tebur cike da wayoyi an liƙa wa kowace lamba, ƙaramin janareta na kuka a baya, tsohuwar kwamfuta da allonta ya tsage ta kusurwa. Ka miƙa memori, ka ce a zuba maka wa'azi kaza, fim kaza, sauran wurin a cika da kiɗan Buzaye. Abin da za ka samu ba shi da sunan mawaƙi, ba shi da shekara. Wata waƙar lamba ce kawai, wata an rubuta mata sunan wani mawaƙin daban, wata an yanke ta a tsakiya domin a wurin biki aka ɗauke ta da waya, har kana jin guɗar mata da ƙarar babur. Mutum zai yi shekaru yana son wata murya bai san mai ita ba. Ba mu kaɗai ba ne. Ba'amurken nan Christopher Kirkley na Sahel Sounds, wanda ya saka waƙar Tahoultine a tarin Music from Saharan Cellphones a 2011, shi ma sai da ya yi cigiya kafin ya gano wanda ya rera ta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne harshe. A waƙar Hausa magana ce uwa. Zambo da habaici da kirari su ne abin da ake jira, kalangu ko kotso rakiya suke yi. To ga Bahaushe ya liƙe wa waƙar da ba ya jin kalma ko ɗaya a cikinta. Me ya riƙe shi? A ganina gina kiɗan ne bai yi masa baƙo ba. Jitar Abzinawa ba ta yawan sauya gida. Tana kama ɗan gajeren zango ta yi ta zagaya shi, jagora ya ba da baiti a amsa masa, tafi na faɗuwa a wurin da ƙafa ke sa rai, musamman a salon takamba. Wanda ya tashi da gurmi da kuntigi bai buƙatar a fassara masa wannan. Sannan Mdou bahago ne, kuma da yatsu yake tsinkar tsirkiya, yana ta wasa da ita da sauri tsakanin sauti biyu har kunne ya kasa raba su. Tsohon masoyi yana gane wannan hannun cikin daƙiƙa kaɗan ko da an laƙaba wa waƙar sunan wasu makaɗan Abzinawa irin su Bombino ko Tinariwen, kuma zai yi maka gardama a kai har shayi ya huce.

Jarrabawar ta zo ne da sunan ya girma. Bayan wani fim da aka yi da shi a Agadas, wanda ya fito a 2015, sai ga faifan Ilana a 2019 da cikakkiyar ƙungiya: Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Aboubacar Mazawadje a ganga, da Ba'amurke Mikey Coltun a bes. Afrique Victime ya biyo baya a 2021, Funeral for Justice a 2024. Sauti ya yi nauyi, jita ta koma ihu, ganga na gudu kamar an biyo ta. Baitocin ma sun ƙara zafi a kan mulkin mallakar Faransa da yadda ake kwashe arzikin Nijar, ƙasar da ake haƙar yuraniyom a Arlit alhali ƙauyukanta na kwana a duhu.

A nan masoya kan rabu. Wani zai ce ai mutumin ya bi Turawa, ya bar waƙar sanyi da aka san shi da ita. Ban yarda da wannan ba gaba ɗaya. Ƙarar nan da gudun nan su ne na bikin aure a Agadas, inda ake jona lasifika da janareta a fili, matasa na rawa ƙura na tashi. In ana maganar aro, Anar ne ya yi aro, kuma a wurinmu ya ara, daga situdiyon Sakkwato da salon waƙoƙin fim. Mai kukan an canza masa mawaƙi, a gaskiya shekarun samartakarsa yake nema, lokacin da ya fara jin waƙar a wata ƙaramar waya mai fitila.

Amma akwai inda kukansa ke da tushe. Yawancin wasannin da ƙungiyar ke yi yanzu a zaurukan da ba zai taɓa shiga ba ake yin su, a biranen da biza ta fi ƙarfinsa. Kuma akwai wata 'yar kunya da ba a cika faɗa ba. A tsohon tsari soyayya tana da hanyar biya: ka je wurin wasa ka yi liƙi, ko da kwabo ne, makaɗi ya gan ka. A tsarin memori mai tura waƙa ake ba kuɗi, sisi ba ya isa ga mai jita. Wanda ya fi kowa daɗewa da waƙar shi ne bai taɓa ba mai ita komai ba, wanda kuma ya zo jiya daga Landan ko Shikago shi ke ciyar da ƙungiyar. Ban ga laifin kowa a ciki ba, sai dai hakan ya sa tsohon masoyi ba shi da bakin cewa a yi masa kaza.

Abin da yake da shi ajiya ce, kuma an ga amfaninta. A Satumban 2021, watanni kaɗan bayan fitowar Afrique Victime, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. Mai dogaro da YouTube ya yi shiru, mai memori ya ci gaba da jin kiɗansa, har ana zuwa ya tura wa wasu. Matsalar tsaron da ta mai da Gandi mafakar 'yan gudun hijira tun harin Tabanni na 2018 ta riga ta rage hirar dare da taron kiɗa a yankin, sauraro ya koma na mutum da wayarsa ko na 'yan majalisa ƙalilan. Sai kuma juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyakar Illela da Ƙonni har zuwa Maris na 2024. 'Yan ƙungiyar suna rangadi a Amurka lokacin, hanyar gida ta toshe musu, a can suka sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice da sassauƙar jita, aka fitar da su a 2025 da sunan Tears of Injustice.

Waƙa ɗaya ke nan da ɗauka biyu, mai zafi da mai sanyi, abin da masoyin Ɗan Anace ya saba da shi tun zamanin kaset. Waɗannan dai kamfani ya adana su. Ɗaukar bikin da aka yi da waya a wani ƙauyen Tawa shekaru goma sha da suka wuce, wadda ba ta kan intanet, tana cikin memorin wani mai sayar da albasa ko ɗan kabu-kabu, kuma memori abu ne da ke lalacewa ba sallama, ko a sace shi tare da wayar a tashar mota.