Waƙar da Ba Ta da Ubangida: Sharhi a kan Waƙoƙin Yara a Yammacin Kano

1.0 Gabatarwa

Manazarta waƙar baka sun saba karkasa makaɗan Hausa bisa ga wanda suke yi wa waƙa. Akwai makaɗan fada, irin su Ibrahim Narambaɗa da ya zauna ƙarƙashin Sarkin Gobir na Isa. Akwai makaɗan sana'a, kamar na noma da na fawa. Sa'an nan akwai makaɗan jama'a, irin su Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos. Wannan rabo yana da amfani, amma ma'auninsa guda ne, watau ubangida. Saboda haka waƙar da ba ta da ubangida sai ta koma can ƙarshen jeri, a ambace ta a taƙaice a wuce. Abin da ya sami waƙoƙin yara ke nan. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa rashin ubangidan shi ne darajarsu, kuma da shi ya kamata a auna duk wata waƙa da babba zai shirya domin yara a yau.

2.0 Inda Waƙoƙin Suke

A garuruwan manoma na yammacin Kano, kamar Kara da Getso da Kutama a ƙasar Gwarzo, ko Garo da Gude a ƙasar Kabo, yaro yakan tashi cikin waƙa iri uku. Ta farko ita ce ta reno, wadda uwa ko yaya ko kaka take yi wa ɗan goye don ya yi shiru. Ta biyu ita ce ta dandali, musamman gaɗa, wadda 'yan mata suke yi da farin wata, galibi da kaka bayan an kau da amfanin gona. Ta uku ita ce ta tashe, wadda yara suke bi gida-gida da ita daga goma ga watan azumi.

Al'adar tsohuwa ce a wannan shiyya. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954, ya ƙunshi waƙoƙin 'yan mata da na biki da tsohuwar ta riƙe tun ƙuruciyarta a wajen Zarewa, cikin ƙasar Rogo ta yanzu, kudu da Gwarzo.

3.0 Sigoginsu

Siga ta farko ita ce ba a san mai su ba, kuma ba wanda yake biya. Makaɗin fada dole ya auna bakinsa, gama da shi yake ci. Yarinyar da ke gaɗa kuwa ba ta jiran kyautar kowa, don haka takan faɗi abin da babba zai ji nauyin faɗa: zancen auren tsoho, da halin kishiyar uwa, da rowar saurayi. Mai karatu yana iya cewa ai 'yan tashe suna karɓar hatsi ko kuɗi. Haka ne, amma sadaka suke karɓa, ba ladan yabo ba. Ba sa wasa maigida. Hasali ma kwaikwayon boka da gwauro da malamin da ya saki layi suke yi, maigida ya yi dariya ya bayar, ko da shi zancen ya taɓa.

Siga ta biyu ita ce bayarwa da amshi. Ɗaya takan bayar, saura su amsa, sa'an nan bayarwar ta zagaya. Babu 'yan kallo, kowa ɗan wasa ne. Amshin gajere ne, yadda 'yar shekara huɗu za ta kama shi tun daren farko, bayarwar kuma a buɗe take, mai basira ta sako sunan ƙawarta ko na garinsu. Shi ya sa waƙa guda takan sauya kama daga wannan gari zuwa wancan.

Siga ta uku ita ce sauƙin kayan kiɗa. Tafi da dire-diren ƙafa sun ishi gaɗa. Gwangwani da ƙwarya sun ishi tashe. Ba a saye, ba a haya, ba a neman izini.

4.0 Abin da Manya Suka Yi Musu

Malamanmu sun yi ƙoƙari ƙwarai wajen tattarawa. Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970, M. B. Umar kuma ya fitar da Wasannin Tashe a 1981. Ba don su ba da an yi asara mai yawa. Sai dai takarda kalmomi kaɗai take iya ɗauka. Karin murya da tsarin tafi da juyin jiki sukan zube a hanya, alhali kuwa a waƙar yara su ne rabin ma'ana.

Makaranta ma ta shigo, musamman bayan shirin ba da ilmin firamare ga kowa na 1976, da kuma yaɗuwar makarantun Islamiyya. Waƙoƙin aji suna koyar da baƙaƙe da ƙidaya da ladabi da farillan alwala, kuma ba mai musun amfaninsu. Amma malami ne yake bayarwa har abada, yaro kuma ba shi da ikon sauya ko harafi.

Daga 1990, da aka fitar da Turmin Danya, sana'ar fim ta kafu a Kano, waƙar situdiyo mai kiɗan fiyano ta biyo baya. Yau da waya da 'yan kuɗi kaɗan matashi yana iya fitar da waƙa ba tare da sarki ko kamfani ba. Wannan 'yanci ne babba, amma kusan duka a kan soyayya da siyasa da yabo ya ƙare. Yaro yana haddace waƙar da aka yi domin samari, yana rera abin da bai fahimta ba. Ga shi kuma dandali yana ja da baya, tashe ma ya shiga matsi, har rundunar 'yan sandan jihar Kano ta sanar da hana shi a azumin 2025, saboda ɓata-garin da suke fakewa da shi.

5.0 Darasi Daga Waje

A Amurka, Ella Jenkins ta fitar da faifanta na farko a 1957 a ƙaramin kamfanin Folkways, ta gina shi a kan bayarwa da amshi, ta ci gaba a kan wannan hanya shekaru masu yawa kafin rasuwarta a 2024. A Kanada, Raffi ya fitar da faifan yara a 1976 a kamfanin da ya kafa da kansa, kuma ya ƙi yarda a yi tallan haja ga yara da waƙoƙinsa. Abin lura shi ne, ginshiƙai biyun da waɗannan mutane suka yi suna da su, watau bar wa yaro gurbin amsawa da ƙin sayar da shi, suna nan a dandalin Bahaushe tun kaka da kakanni.

6.0 Kammalawa

A nan za a iya fitar da ma'auni uku ga mawaƙin da ke son yi wa yara waƙa. Shin ya bar musu amshi? Shin za su iya rera ta idan an kashe na'ura? Shin za su iya sa nasu a ciki ba tare da ta rushe ba? Waƙar da ta cika waɗannan ta zama tasu; wadda ta gaza kuwa, kome daɗinta, ta manya ce aka ara musu.

Nauyi na farko yana wuyan sassan Hausa na jami'o'inmu. Ɗaliban da suka fito daga Gwarzo da Kabo suna da waya a aljihu, suna kuma da kakanni a gida. Lalle ne a tura su su ɗauko muryar tsofaffin nan da tafinsu, tare da sunan gari da shekara, tun masu abin suna raye. In an yi haka, mawaƙin gobe zai sami tushen da zai ɗora a kai.