Jaririn da Ya Faɗo da Ransa: Sharhi a kan Dokar Amurka

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka. Ranar da karatun Risala ya kawo mu babin jana'iza, muka iso wurin hukuncin jaririn da bai yi kuka ba lokacin haihuwa, cewa ba a yi masa salla, ba ya cin gado kuma ba a gadonsa, sai wani ɗalibi daga bayan sahu ya ce: "Allah gafarta Malam, to in da gangan aka zubar da cikin, sai yaron ya faɗo yana motsi, shi kuma mene ne matsayinsa?" Wasu suka yi dariya, a zatonsu irin tambayar ƙure ce. Ba ita ba ce. Yau fiye da shekara ashirin ke nan majalisar Amurka tana kai da kawo a kan wannan tambaya, shi ya sa muka ga ya dace mu duba abin da suka rubuta, mu auna shi.

A shekarar 2002 suka yi dokar farko, shugaba George Bush ƙarami ya sa mata hannu ranar 5 ga Agusta. Gajeruwa ce. Ta ce duk inda dokokin tarayya suka ambaci mutum ko yaro, to har da jaririn da aka haifa da rai, komai ƙanƙantar cikinsa. Sannan ta fayyace alamun rai: ya fito gaba ɗaya daga jikin uwarsa, kuma yana numfashi, ko zuciyarsa na bugawa, ko igiyar cibiya na harbawa, ko yana motsi na haƙiƙa. An yanke cibiya ko ba a yanke ba, naƙuda ce ta kawo shi, ko tiyata, ko zubar da ciki, duk ɗaya ne.

Wannan gaɓar ta ƙarshe mun yaba mata. Son yaro ko ƙinsa ba shi ke mai da shi ɗan Adam ba. Wanda aka saya wa kayan suna tun yana wata biyar da wanda aka biya kuɗi don kada ya zo, in sun fito suna numfashi matsayinsu guda. Sai dai dokar ta tsaya nan. Ba ta ce ga abin da ya wajaba likita ya yi wa yaron ba, ba ta ce ga horon wanda ya ajiye shi gefe ya juya baya ba. An raɗa masa suna, ba a ba shi zanen goyo ba. Ta wuce majalisun biyu ba tare da wata jayayya ba, kuma mu muna zaton rashin haƙoranta ne ya sa.

Shekara takwas bayan haka aka ga abin da suna kaɗai ba ya hanawa. A 2010 jami'ai suka shiga asibitin wani likita mai suna Kermit Gosnell a birnin Filadelfiya, a jihar da aka sa wa dokar hannu. Ba ma batun jarirai ya kai su ba, binciken rubuta ƙwayoyi ba bisa ƙa'ida ba suka je yi. Abin da suka tarar ya fi ƙarfin faɗi. An tabbatar a kotu cewa jarirai suna fitowa da rai, ana yanke musu laka ta ƙeya da almakashi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A watan Mayun 2013 aka same shi da laifin kisan jarirai uku da kuma sakacin da ya kashe wata mata, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Abin lura: da tsohuwar dokar kisan kai ta jiha aka kama shi. Abin da ya ba shi sarari shi ne hukumar lafiya ta yi shekara goma sha wani abu ba ta leƙa wurin ba. Doka tana nan a takarda, ido ne babu.

Daga baya aka kawo wani sabon daftari don a yi wa dokar haƙora. Ya ce likita ya ba wannan jariri irin kulawar da zai ba kowane jariri da aka haifa da adadin makonninsa, a kai shi asibiti nan take, ma'aikacin da ya ga an saɓa ya kai rahoto. Wanda ya saɓa, tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara biyar. Wanda ya kashe da gangan, hukuncin mai kisan kai ya hau kansa. Uwar kuwa ba a tuhumarta. Majalisar wakilai ta amince da shi a Janairun 2023 da ƙuri'a 220 a kan 210, ta sake amincewa a Janairun 2025 da 217 a kan 204, amma a majalisar dattawa ya sami 52 a kan 47, alhali 60 ake buƙata kafin ya ci gaba. Ka duba alƙaluman nan, kusan kowa layin jam'iyyarsa ya bi. Jaririn ya zama sandar dukan abokin hamayya.

Masu ƙin daftarin suna cewa kashe jariri dama laifi ne a kowace jiha, kuma abin ba ya yawan faruwa. Sun ƙara da cewa da yawa daga irin waɗannan haihuwa ciki ne da aka kawo ƙarshensa saboda rayuwar uwa na cikin haɗari, ko yaron na da wata naƙasa da ba a rayuwa da ita, kuma iyaye sukan zaɓi su rungume shi 'yan mintocin da Allah ya ba shi maimakon a fizge shi a ruga da shi cikin mota. Maganar ƙaranci ba ta gamsar da mu ba, don rai guda ma rai ne. Amma maganar ta ƙarshe akwai gaskiya a cikinta, kada ƙin mai magana ya hana mu ji. Malaman fiƙihu na wannan zamani sun yi fatawa cewa idan amintattun likitoci suka tabbatar na'ura ba za ta amfana ba, ba dole ba ne a ɗora marar lafiya a kanta. Umarnin a kai kowane jariri asibiti nan take, ba tare da bambance wanda ake fatan rayuwarsa da wanda ke gargara ba, ya yi kaushi.

To amma wa zai yanke cewa babu fata? Nan ne masu ƙin daftarin suka yi shiru, kuma nan ne ƙashin bayan maganar. Likitan da ke tsaye a ɗakin shi ne aka ɗauko don ya ƙarar da cikin. Fitowar yaron da rai, a wurinsa, aiki ne ya ɓaci. Ku ɗalibai kun karanta a babin shaida cewa ba a karɓar shaidar wanda ke jawo wa kansa amfani ko yake tunkuɗe wa kansa cuta da ita. Yaya za a bar shi shi kaɗai ya ce wannan ba zai yi ba? Da mu aka tambaya, da mun ce a wajabta kiran wani likitan jarirai wanda ba ruwansa da aikin farko, shi ya duba ya faɗi. Balle iyakar da ake cewa ba a rayuwa ƙasa da ita kullum matsawa take. A 2020 an haifi yaro a jihar Alabama yana da mako 21 da kwana ɗaya, ya rayu. Likitoci daga hailar ƙarshe suke fara ƙirga, saboda haka kwana 120 na busa rai da ya zo a hadisin Ibn Mas'ud yana faɗawa wajen mako 19 a lissafinsu. Ke nan duk jaririn da ake gardamar a sa shi a kwalba ko kada a sa, ya riga ya wuce wannan matakin.

Su ma masu goyon daftarin muna da ƙorafi a kansu. Sun yi maganar ɗauri da tara, ba su ce uffan a kan wanda zai ɗauki nauyin yaron ba, daga watannin kwalba har renonsa, alhali uwarsa ba da shirin goyo ta zo ba. Littattafanmu ba su bar wannan gurbi ba. Ɗan tsintuwa ɗaukarsa farilla ce a kan jama'a, in wasu sun yi ta sauka a kan saura, kuma in ba shi da dukiya ciyar da shi na kan baitulmali.

Akwai kuma abin da dukansu suka kauce wa. A jihohin da suka halatta zubar da babban ciki, abin da aka yi wa yaro minti ɗaya kafin ya fito aikin likita ne, minti ɗaya bayan ya fito kisan kai ne. Fiƙihu ma ya bambance, kada mu ɓoye. Wanda ya doki mai ciki ta yi ɓari, yaron ya faɗo matacce, gurra ce a kansa, wato ushirin diyyar uwa, dinari 50. In ya faɗo da rai sannan ya mutu, cikakkiyar diyya ce. Sai dai ka ga duka biyun laifi ne, nauyinsu ne ya bambanta. Kuma abin dogaro a mazhabar Malikiyya shi ne haramcin fitar da ciki tun kafin kwana arba'in.

Yanzu mu koma ga mai tambaya. Sharaɗin kuka da ka ji a Risala hujja ce ta tabbatar da rai don a raba gado a kuma yi salla, a zamanin da babu abin jin bugun zuciya. Shehu Halilu a Muhtasar bai ɗauki motsi ko atishawa kaɗai a matsayin hujja ba, amma ya togace inda aka tabbatar da rayuwa. Shafi'awa suna karɓar alamun rai ko babu kuka, Hambalawa kuma suna yi wa ɗan wata huɗu salla. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ce a zuba wa jariri ido don bai yi kuka ba. Bakwaini sau da yawa huhunsa bai yi ƙwarin da zai yi kuka ba, kuma wannan ya shafi gidajenmu kai tsaye, inda haihuwar gida take da yawa kuma akan ji wata tsohuwa ta ce wannan ba mai zama ba ne, a rufe shi da zane. Wanda ya faɗo yana motsi, ta kowace hanya ya faɗo, a goge masa jiki, a share masa hanci da baki, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata a lulluɓe su don ɗumi, a nufi gidan haihuwa da shi. Zancen gado da salla, malamai na nan, sa duba daga baya.

Wallahu a'alamu.