Jinjina ga Kanikawan Babur na Ƙasar Gobir

Daga Isa zuwa Sabon Birni, har kufan Alkalawa, tsohon babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, babur ne jakin wannan zamani. Shi ke kai gero da albasa kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti. Da yawansu tsofaffin Bajaj da Jincheng ne, kuma yashin fadamar Rima da ruwan damina ba sa barin birkinsu ya yi ƙarko.

A nan bakanike ya cancanci yabo. Da jin ƙarar ƙafar baya ya san takalmin birki ya cinye, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Sai ya kwance noti, ya zare ƙafar, ya kakkaɓe baƙar ƙura, ya goge cikin dram da sanfefa. Ya haɗa sababbin takalma biyu da sifirin ɗinsu, ya danna su zauna daram. Giris kuwa ɗan kaɗan yake shafa wa ƙarfen da ke buɗa takalman, domin in maiƙo ya taɓa fuskar birki, ba zai kama ba. Ba ya miƙa makulli sai ya daidaita notin sandar birki, ya hau, ya taka, ya ji ya kama.

Ladan aikin bai taka kara ya karya ba, alhali ran ɗan acaɓa da na fasinjansa ne aka ba shi amana. Kanikawan Gobir, sannunku da aiki. Allah Ya yi wa sana'arku albarka, Ya ba ƙasarku zaman lafiya.