Jinjina ga Malaman Aljabara na Kwalejojin Al'umma

A kwalejojin al'umma na Amurka, masu karatun shekara 2, akwai ajin da ba kowane malami ke marmarin ɗauka ba: aljabara ta matsakaicin mataki. A cikinsa za ka ga tsohon soja, uwa mai goyo, ma'aikacin da ya taso daga aikin dare, duk sun daɗe da rabuwa da lissafi, wasu ma da tabo a zuci. A kwalejoji da dama makin ajin ba ya shiga lissafin digiri, har Kalifoniya ta yi doka a 2017 don rage tura ɗalibai zuwa irin waɗannan azuzuwa.

Malaman nan sun cancanci yabo tun daga ranar farko. Sukan raba takardar tsarin darasi, su faɗi gaskiya ƙiri-ƙiri: waya a aljihu, aikin gida kowane mako, amsa ba tare da matakanta ba ba ta da maki. Wannan na ƙarshe ya fi burge ni. Ɗalibin da ya rubuta yadda ya warware x² − 5x + 6 = 0 layi-layi, malami zai ga daidai inda alamar ragi ta ɓace masa, ya gyara nan take. Kuma sukan ɗaure kansu da alkawari: sa'o'in ofis a buɗe, takardun gwaji su dawo da wuri.